Tsofaffin bindigogin soja a Amurka: amsa ga ɗan kasuwar da ƙaninsa ya nemi jari

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya rubuto cewa ƙaninsa da ke zaune a Amurka ya karɓi dala 6,000 a hannunsa, ya sayi ƙananan bindigogin soja na zamanin yaƙin duniya guda uku, ya kai an goge su sun koma kamar sababbi, yanzu kuma yana neman ƙarin dala 10,000, wai kuɗin zai ninka cikin shekara guda. Yana tambaya ko ya ƙara.

Alhaji, kada ka ƙara ko sisi. Kuskurenka shi ne cinikin biri a sama: ka zuba jari a kan hajar da ba ka taɓa riƙewa ba, ba ka da rasit, ba ka da lambobinta a rubuce, sai hotunan WhatsApp da maganar ɗan'uwa. Kayan ma ba za su taɓa zuwa hannunka ba, domin dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin haramtattun makamai. Saboda haka komai yana sunan ƙaninka ne.

Na san labarin da ya ruɗe shi. Kamfanin Singer, mai keken ɗinkin nan da teloli suka sani, ya ƙera bindiga samfurin M1911A1 guda 500 kacal wa sojan Amurka, kuma an sayar da ɗaya a gwanjo a 2017 kan dala 414,000. Amma kamfanin Remington Rand ya ƙera irinta sama da 800,000, su ne suka cika kasuwa, kuma wata ƙungiya da dokar Amurka ta ba izinin sayar da rarar makaman soja ta fara fitar da irin waɗannan a 2018 kan kusan dala 1,000 kowace. Mai neman arzikin dare ɗaya ba ya karanta wannan ɓangaren.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gogewar da aka yi musu. Masu tara kayan tarihi asali suke saye, ƙyalli ba ya burge su. Ɗauki ƙaramar bindigar Luger, wadda sojan ƙasa na Jamus suka fara riƙewa a 1908: ana buga lambobi biyu na ƙarshe na lambarta a kan ƙananan sassanta, mai saye kuwa zai warware ta a kan tebur, ya sa gilashin ƙara girma, ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya. Idan duk sun dace kuma launin masana'anta yana nan, ko da ya koɗe a gefuna, tana iya kaiwa dala 2,000 zuwa 3,000. Idan an sauya sashe ko an sake rina ƙarfen, sau da yawa rabin darajar ya tafi. Wato ƙaninka ya biya kuɗi an rage wa dukiyarka daraja. Na taɓa zama da wani da ya ba surukinsa jari irin wannan, da ranar sayarwa ta zo gidan gwanjo ya cire la'adarsa, aka cire kuɗin inshora da na aikawa, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba, kuma har yau ba sa gaisawa.

Akwai kuma batun lasisi. Wanda ake ba masu tara tsofaffin bindigogi a Amurka kan dala 30 na shekara uku bai halatta saye da sayarwa don riba a matsayin sana'a ba.

Ka buga masa waya yau, ka nemi ya turo samfuri da lambar kowace bindiga, rasit ɗin saye, da ƙimantawar wani masani a rubuce. Idan ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ka gaya masa littafin shagonka ne yake tambaya.