Kafin ki sha jar kanwar nan, 'yar uwa

Wa'alaikumus salam. Kin ce yau kwana 9 da wucewar lokacin al'adarki, kin gwada da tsinken gwajin ciki ya nuna layi ɗaya, wato ba ciki, kuma maƙwabciyarki ta ce ki jiƙa jar kanwa ki sha jinin ya sauko. Don Allah ki ajiye kanwar tukuna.

Ki bari mako guda ki sake gwaji, da fitsarin farko na asuba, kafin ki sha ruwa. Wani watan ƙwai kan makara wajen fita, to in an samu ciki a lokacin, sinadarin da tsinken ke nema bai taru ba balle ya nuna. Kin ga in akwai ɗan ƙaramin ciki kika ɗura masa kanwa, wa gari ya waya?

Ba ki faɗa mana ko kina tsarin iyali ba, kuma ni a nan tawa ta same ni. Bayan na yaye na biyu na yi allurar wata uku, Depo, har sau huɗu. Da na daina, wata bakwai ko ɗigo ban gani ba, sallah kawai nake ba fashi. Surukata ta rantse ciki ne ya kwanta, ta aiko min da jiƙo cikin jarka, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Kwana uku ina toshe hanci ina sha, ban tsira da komai ba sai gudawa da ƙwannafi. Da na gaji na je asibiti aka yi min hoton ciki, mahaifa wayam. Likitar ta ce allurar kan ɗauki har kusan shekara kafin jiki ya koma daidai. A wata na tara ya dawo da kansa. Ashanar hannu ma takan riƙe al'ada yayin da take jiki, Postinor kuma, ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, takan gusar da kwanaki. Shayarwa ba sai an faɗa ba.

In ba ko ɗaya, ki duba watan da ya wuce. Kin yi jinya? Kin rame ko kin yi ƙiba da sauri? Ko akwai abin da ke hana ki barci? Damuwa kaɗai tana riƙe al'ada.

Ƙanwata tata daban ce. Tun tana budurwa sai ta yi wata biyu, uku ba ta gani ba, ga ƙuraje a fuska, ga gashi a haɓa tana tsigewa a ɓoye. Mun daɗe muna cewa sanyi ne, ashe PCOS ce, matsalar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, sai da aka yi hoto da gwajin jini. Haka in nono na fitar da ruwa alhali ba kya shayarwa, ko kina yawan kasala da jin sanyi, ki faɗa wa likita a duba prolactin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, da thyroid, wato sinadaran ƙullin da ke gaban wuya. Wadda ta haura 45 kuwa, ƙila alamar ɗaukewa ce.

Daga kwana 21 zuwa 35 tsakanin al'ada da al'ada duk lafiya ne. Amma in ta kai wata uku shiru, ki je ɓangaren mata a asibiti, ba kemis ba. In kuwa kika ji ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, da ɗigon jini ko jiri, ko da tsakar dare ne a kai ki asibiti, don ciki a wajen mahaifa haka yake farawa. Ki tafi da ranakun al'adarki na watanni ukun baya a rubuce, shi za su fara tambaya, ni ranar sai kame-kame na yi ta yi.