Amsata ga Alhaji kan yanka wa 'yan sandan hanya adadin tara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Alhaji, na saurari muryar da ka turo. Ka ce idan ba a yanka wa ɗan sandan hanya adadin takardun tarar da zai kawo a wata ba, zama zai yi a cikin mota yana danna waya har lokacin tashi ya yi, kuma ai kowane aiki ana auna shi, don me nasu zai fita daban. Hajiya ma ta goyi bayanka, ta ce wanda ba a ƙirga aikinsa ba ya aiki. To ni a fahimtata abin da ke cin ranka shi ne, wa zai tsare mutanen nan ya tambaye su me suka yi da ranar da aka biya su albashinta. A nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Inda muka raba hanya shi ne abin da za a ƙirga, da kuma wanda za a ɗora wa lambar a ka.

Ka yi haƙuri da ni, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Akwai jihar Biktoriya a Ostireliya. Can 'yan sanda suna tsayar da direba su miƙa masa na'ura ya hura, a ga ko ya sha giya. Aiki ne mai kyau, yana ceton rai. Sai manya suka ce to a riƙa kawo gwaji kaza a shekara, aka rarraba lambar har ta sauko kan ƙananan jami'ai. A shekarar 2018 rundunar da kanta ta fito ta ce gwaji wajen 258,000 na ƙarya ne, cikin miliyan 17.7 da aka rubuta a shekara biyar da rabi. Ka san yadda suke yi? Jami'i zai sa yatsa ya toshe bakin bututun, ko shi da kansa ya hura. Na'ura ta rubuta an gwada direba, ba giya. Babu direba, babu mota, amma lamba ta cika, oga ya ji daɗi, rahoto ya tafi sama. Kuma don Allah ka lura, ba kuɗi suka karɓa a hannun kowa ba. Mutane ne masu albashi mai kyau, ba yunwa ta sa su ba. Lambar ce kawai ta matse su.

Kada ka ce ai wuri ɗaya ne. A ƙasar Ailan, shekarar 2017, irinsa sak. Aka kwatanta abin da 'yan sanda suka shigar a kwamfuta da abin da na'urorin suka nuna an hura, aka ga gwaji kusan miliyan ɗaya ba a yi shi ba. Da aka zurfafa bincike ya haura miliyan 1.4. Ƙasashe biyu, nesa da juna, ba wanda ya koya wa wani. To Alhaji ka tambayi kanka, direbobi nawa ne suka wuce a buge a wannan lokacin da takarda ke cewa ana gwaji? Ga abin da ke ƙona min rai, gwamnati tana kallon rahoto tana ganin an yi gwaji da yawa, masu maye kaɗan aka samu, sai ta ɗauka matsalar ta yi sauƙi. Ƙaryar ba ta tsaya a takarda ba, ta je ta ɓata shawarar da za a yanke a sama.

Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Charles Goodhart, tun 1975 ya lura da wannan a harkar kuɗi, cewa duk ma'aunin da aka mayar abin da dole sai an cika, to ya daina nuna gaskiya. Ko ba boko mun san haka. Ka sa a kawo maka itace ka ce da nauyi za ka biya, ɗanye za a kawo maka, ka kai gida ya ƙi kamawa.

Wannan na gwaji ne ma. Na tara ya fi muni, don shi akwai kuɗi a ciki. Ku da kuke bin labarai kun tuna garin Ferguson a jihar Missouri ta Amurka, inda ɗan sanda ya harbe Michael Brown a watan Agustan 2014, gari ya hargitse. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta shiga ta yi bincike, ta fitar da rahoto a watan Maris na 2015. Abin da suka tarar, an mayar da 'yan sanda masu tara wa gari haraji. A 2010 kuɗin tara da na kotu dala miliyan 1.38 ne, zuwa kasafin 2015 an sa ran dala miliyan 3.09 cikin kasafin da bai wuce miliyan 13 da ɗoriya ba. Wato tun kafin kowa ya karya doka an riga an rubuta nawa za a samu daga masu karya dokar. Har saƙo aka gani wanda mai kula da kuɗin garin ya aika wa shugaban 'yan sanda yana cewa in ba a ƙara yawan rubuta tara ba, kuɗin shiga ba zai ƙaru ba. Mai kula da kuɗi fa, ba mai kula da haɗari ba.

Akwai wata mata a cikin rahoton, ita ce ba na mantawa. A 2007 ta ajiye mota inda bai kamata ba, aka ci ta tarar dala 151. Ba ta da hali, wani lokaci ma ba ta da wurin kwana, ta kasa zuwa kotu a kan lokaci. Aka kama ta sau biyu, ta kwana shida a tsare, ta biya dala 550, kuma har ƙarshen 2014 ana bin ta dala 541. A kan ajiye mota. Shekara bakwai. Don Allah wane yaro ne aka hana mota ta buge da wannan? Kuma su wa ake tsayarwa? A lokacin, baƙaƙen fata kashi 67 cikin ɗari ne na mutanen garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda ake tarewa a mota. In ka matsa wa jami'i ya cika lamba, ba zai tare wanda zai kira lauya ba. Wanda ba shi da gata zai nema, wanda ya san zai biya ya yi shiru. Daga baya sai da majalisar jihar ta rage kason da gari zai iya samu daga tarar hanya, daga kashi 30 zuwa 20 na kuɗin shigarsa.

Ni kaina na taɓa gani da idona, shi ya sa kake jin zafi a muryata. Akwai wata gangara da nake bi, a ƙasanta allon iyakar gudu ya canza, reshen bishiya ya rufe rabinsa. Nan jami'i yake fakewa, bayan kwana, duk motar da gangara ta ɗan ja sai ya ɗaga hannu. An tsayar da ni, na biya, ban yi gardama ba, doka ce. Amma gaba kaɗan akwai ƙofar makaranta, lokacin tashi yara ƙanana suna tsaye bakin titi riƙe da hannun juna, babba a cikinsu yana leƙa hagu da dama, manyan motoci suna wucewa ba mai taka birki. Ba jami'i ko ɗaya a wurin. Na tambaye shi cikin ladabi, na ce yallaɓai can fa ake buƙatarka. Ya ce shi nan aka ajiye shi. Kuma ban ga laifinsa sosai ba. In ya tsaya ƙofar makaranta a bayyane da kakinsa, kowa zai rage gudu, ba wanda zai kama, ya koma ofis hannu rabbana, a rubuta masa sifili. Ranar da ya fi amfani ita ce ranar da takarda za ta ce bai yi komai ba. Reshen nan kuwa, sare shi aikin minti kaɗan ne, amma wa zai sare abin da ke kawo masa lamba?

Sannan akwai... to bar maganar na goro, wannan wata rana. Ko da yake a'a, bari in taɓa ta kaɗan, don tana da alaƙa. Jami'in da aka koya wa cewa direba abin tatsa ne domin ofis, ba wuya ya fara tatsa domin aljihunsa. Ƙasar Jojiya a 2004, zamanin Mikheil Saakashvili, abin ya kai har sai da suka sallami 'yan sandan hanyarsu gaba ɗaya, dubbai, suka ɗauki sababbi da albashi mai kyau, aka ce tara a banki za a biya, ba a hannun jami'i ba. Ban ce kowa ya yi haka ba, mu bar shi nan.

Ƙanena da ya rubuto cewa ai sai a yi doka a hana yanka adadi, magana ta ƙare, ina ma haka take. Jihar Kalifoniya ta daɗe da wannan dokar. Duk da haka a 2009 wasu jami'ai biyu masu babur na birnin Los Angeles suka kai ƙara cewa ana tilasta musu rubuta tara 18 a kowace rana, da suka ƙi aka fara musguna musu, a 2011 kotu ta ba su wajen dala miliyan 2. Oga ba zai rubuta maka lamba a takarda ba. Zai dai hana ka hutu, ya hana ka ƙarin girma, ya tura ka inda ba ka so, har ka gane da kanka. Dokar tana da amfani, don ita ta ba waɗannan biyun ƙafar tsayawa a kotu, amma ita kaɗai ba ta isa ba.

To me za a ƙirga? Abin da aka ɗauke su aiki dominsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Wannan ce lambar. Sai a je wa kwamandan yanki, ba kurtun da ke tsaye a rana ba, a ce masa bara mutum nawa suka mutu a titin da ke ƙarƙashinka, a wace mahaɗa, da ƙarfe nawa, me ya jawo, kuma ina ka ajiye yaranka a wannan lokacin? In ana mutuwa da dare a babbar hanya kai kuma jami'anka suna gangara da hantsi, ka yi bayani. Ana iya auna gudun da motoci ke yi a wani titi, ana iya tsayawa a ƙirga masu babur nawa ke sa hular kwano, direbobi nawa ke ɗaura bel. Hukumar nan ta ce in gudun da motoci suka saba yi a titi ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, haɗarin da ke kisa yana ƙaruwa da kashi 4. Ka ga abu ne da ake aunawa tsaf.

Amma da sharaɗi, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Kada wanda ake aunawa ya zama shi ke riƙe da ma'aunin. Yadda aka hura bututu haka za a iya rage gawa a takarda, wanda ya cika a asibiti bayan kwana uku a ƙi sa shi a lissafi. Sai lambar ta fito daga asibiti, daga wata hukuma daban da ba ta ƙarƙashin kwamandan, a kuma buga ta kowa ya gani. A Ailan ma ai ba don na'urorin suna ajiye nasu lissafin daban ba, da ba a gane ba. Kuɗin tara kuma ya wuce asusun gwamnati kai tsaye, kada ko sisi ya koma ofishin da ya rubuta ta.

Hajiya, ban ce kada a hukunta mai laifi ba, kar a fahimce ni a baibai. Faransa ta fara kafa kyamarorin kama masu gudun wuce ƙima a 2003, mace-mace suka sauko daga wajen 8,000 a shekara zuwa ƙasa da 4,000 a 2010. Ba kyamara kaɗai ta yi ba, amma ta taka rawa babba, don direba ya tabbata in ya yi za a kama shi, kuma kyamara ba ta san ɗan wane ba. Suwidin tun 1997 majalisarta ta amince cewa burinsu kada kowa ya mutu a titi, suka ɗora nauyin har kan masu zana titin, ba direba kaɗai ba. Hukunci yana aiki in an kai shi inda ake mutuwa.

Shi kuma malalacin jami'in da Alhaji ke tsoro, ai shi ya sa ake da sajan da sufeto. Mutum ya yi wata guda bai tsayar da kowa ba a titin da kowa ya san ana tsere, dole a kira shi a tambaye shi, wannan ba gardama. Motocin sintiri yanzu ana iya ganin inda suke a kwamfuta, akwai kyamarar da jami'i ke maƙalawa a ƙirji, akwai koken jama'a, akwai duba cikin tarar da ya rubuta nawa kotu ta soke. Oga ya fita ya zaga ya ga yaransa. Yanka adadi hanya ce da shugaba ke bi don kada ya yi wannan wahalar, ya zauna a ofis yana jiran takarda.

Sai tambayata gare ka Alhaji, ka ba ni amsa in ka samu sarari. Jami'i biyu ne a ƙarƙashinka. Ɗaya ya kawo maka takardar tara jibgi daga gangara, ɗaya ya tsaya ƙofar makaranta wata guda bai rubuta ko ɗaya ba, kuma ba a buge yaro ba. A tsarin da kake so, wanne za ka rubuta wa ƙarin girma?