Motar da kamfani ya ce a dawo da ita

Kai yaro, ajiye sufanar nan ka saurare ni. Ka ce ka ga labarin cewa Toyota ta taɓa kiran masu Sienna su mayar da motocinsu a gyara musu kyauta, kana tambaya ko abin ya shafi tsofaffin da ake kawo mana nan, tunda a Amurka aka yi. To daga ina kake zaton Siennar take zuwa? A jihar Indiyana ake haɗa ta. Wadda ka gani tana lodin Abuja a Unguwa Uku, sai da wani ya more ta a Amurka ko Kanada kafin ta biyo jirgin ruwa ta sauka Kwatano ko Legas. Wasiƙar kamfani tana zuwa ne gidan wanda sunansa ke kan rajista a can. In ya riga ya sayar, ko motar ta faɗa gwanjon motocin haɗari, wasiƙar ta tafi kwandon shara, aibin kuwa ya taho mana yadda yake.

A 2010 sun kira Sienna kusan 600,000, ƙirar 1998 zuwa 2010, a jihohin da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. Gishirin yana cin igiyar ƙarfen da ke riƙe safayar taya a ƙarƙashin mota, ta yi tsatsa ta tsinke, taya ta faɗo ana cikin gudu. A 2016 kuma sun kira wajen 744,000, ƙirar 2011 zuwa 2016, kan ƙofar gefe mai lantarki: in wani abu ya tare ta tana buɗewa, fiyus na iya ƙonewa makulli bai kama ba, ƙofa ta zame ana tafiya. Ka tuna mu nan mutum nawa ake cusawa a jikin ƙofar nan. Yadda ake duba fiyus kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da rake.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na jakar iska, wadda ke kumburowa ta tare mutum in an yi karo. Kamfanin Takata na Japan ya yi amfani da wani sinadari, irin wanda ake takin zamani da shi, don hura jakar. In ya daɗe yana shan zafi da laima sai ya lalace, ranar haɗari ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ƙarfen da yake ciki ya tarwatse ya feshe fuskar mutum. An kira jakunkuna wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, fiye da mutum 20 sun mutu a can, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. Sienna ta 2011 zuwa 2014 tana ciki ta ɓangaren fasinja, Honda Odyssey ta farkon shekarun 2000 ma tana ciki. Zafi da laima aka ce. Sai ka lissafa watannin da mota take yi a bakin teku a Kwatano, ka ɗora ranar Kano ta watan Afrilu a kai.

Maganar jakar iskar nan ce ta sa na tsaya ba ka amsa, don har gobe in na tuna wani dillali sai in ji abinci ya fita kaina.

Ya kawo mini wata motar iyali mai ƙofar gefe da ake ja, ba irin wadda ka tambaya ba, sabuwar saukowa, an feshe ta tana ƙyalli. Ina ɗora hannu a kan sitiyari na san an taɓa shi. Fatar tsakiyar ta yi tauri, ga layin gam siriri a gefen da ya kamata a ce ɗinkin kamfani ne. Na ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ƙarar fanko. Na kwance, babu komai a ciki sai soson katifa da aka yanka aka cusa, wayoyin nan masu launin rawaya an datse su an naɗe da salatif. Fitilar jakar iska tana ci ja a dasbod. Ya ce, Oga, ka kashe mini fitilar nan kawai, sauran ka bar wa Allah. Na ce ni ba na kashe fitila, gyara nake yi. Na ce ya kawo kuɗi a nemo jaka mai kyau da kwamfutarta. Ya ce zai yi shawara, amma in taimaka in yi masa birki da ƙafafun gaba kafin nan, yana sayarwa zai biya. Na san mahaifinsa, sahu ɗaya muke sallah. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da kuɗin aljihuna, kuɗin da nake tarawa na kayan ɗakin 'yata, na sayo shokozoba biyu da kayan birki, na yi aiki irin wanda ko yau ba na jin kunyarsa.

Da ya ɗauki mota sai ya wuce wajen wani ɗan riwaya, aka maƙala ɗan abin da ke yaudarar kwamfuta, fitila ta mutu. Ya kai wa wani Alhaji da motocinsa na haya duk a hannuna suke tun ina ƙaramin gareji, ya ce masa ai Oga ya duba ta ciki da waje, ga ma rasidin kayan da ya saka. Rasidina, da rubutun hannuna! Alhaji bai ko kira ni ba, don sunana ya ishe shi. Kuɗina kuwa kullum gobe.

Damina na kamawa direban Alhaji ya daki bayan tirela a hanyar Zariya. Babu jakar da ta fito. Ƙirjinsa ya bugi sitiyari, haƙarƙari suka karye, yaron da ke ciyar da uwarsa ya yi watanni a kwance. Mai gyaran jikin mota ya buɗe sitiyarin ya zaro soson ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya zo nan, inda kake tsaye ɗin nan, ya ajiye soson a kan bencina a gaban yarana, bai ɗaga murya ba, ya ce ashe haka kake. Na rantse, na kira shaidu, amma shaidun yarana ne, dillali kuwa ya ce shi bai san an yi wannan magana ba. Magana ce ta fatar baki, ba ni da takarda. A mako guda Alhaji ya kwashe motocinsa, abokansa suka bi shi. Dillalin yana nan yana yawo da babbar riga, in mun haɗu har hannu yake miƙo mini.

Ku 'yan yanzu kuna da abin da ba mu samu ba, amma sai kallon rawa kuke yi da shi. Kowace irin motar nan da ake kawo mana daga Amurka tana da lamba mai harafi da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka shigar da ita a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, kyauta za ta nuna maka kiran da ba a gyara ba. Sai dai kiran da ya haura shekara 15 yana iya ƙin fitowa, saboda haka kar ka ga shafi fes ka ce wa mutum motarsa lafiya lau. Ka shiga rami da tocila. Ka sauke safayar har ƙasa, ka bi igiyar da hannu, in ta yi burtsi-burtsi ko tsatsa na zuba a tafinka, a canza, ko a ɗauke tayar a sa a but. In ka ga baƙin fenti sabo a ƙarƙashin tsohuwar mota, ka kankare da sukundireba ka ga abin da ake ɓoyewa. Ka murɗa makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido: dole ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe shi. Kuma ban yarda ka sa wa kowa jakar gwanjo da ba ka san daga jikin wace mota aka ciro ta ba.

Duk abin da ka gani ka rubuta shi a littafin gareji, da kwanan wata da lambar motar, mai ita ya sa hannu, har da abin da ya ce kar a gyara. In ya ƙi sa hannu, ka miƙa masa makullinsa ka turo shi wurina. Waccan farar da ke kan rami ta 2012 ce, mai ita zai zo bayan la'asar. Je ka kwafo lambarta, ka sauke safayar kafin ya iso.