Bayan aikin cikin wajen mahaifa, yaushe al'ada za ta dawo?

Tambaya: Likita, sati 3 ke nan da aka yi mini aikin cikin da ya zauna a bututun ƙwai. Yaushe zan ga al'ada? Daga wata 'yar'uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Sannu da jiki, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Jinin kwanakin farko ba al'ada ba ne, shimfiɗar mahaifa ce ke zubowa. Al'ada takan dawo cikin sati 4 zuwa 6, bayan sinadarin ciki ya sauka a jini. Ki kula, ƙwai kan fito kafin nan, ciki na iya shiga. Ki jira al'ada biyu tukuna kafin ki sake ɗaukar ciki. In sati 8 ya wuce shiru, ki yi gwajin ciki. Zazzaɓi, ruwa mai wari, ko auduga ta jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, ki garzaya asibiti.