Amsa: Yarona ya ƙi abinci sai madara, kuma kashi na ba shi wuya

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce yana da shekara 2, ya ƙi komai sai madara, sannan yakan yi kwana uku bai yi bayan gida ba. Ni dai madarar nan na fara zargi. A wannan shekarun kusan mililita 500 a rana ya ishe shi. In ta wuce haka sai ta cika masa ciki, ta busar da kashi, har ƙarancin jini takan jawo.

Tawa 'yar ma haka ta yi. Sai ta laɓe bayan ƙofa, ta miƙe ƙafafu tana matsewa, ni kuwa na ɗauka yunƙuri take, ashe riƙewa take don tsoron zafi. Na rage madara, na ƙara ruwa da 'ya'yan itace, ina zaunar da ita a fo bayan cin abinci.

Ɗura kam ki bari, ƙara tsanar cokali take sa su. Ki zuba kaɗan, bayan minti 20 ki ɗauke. Amma in kin ga jini a kashi, koren amai, rama ko ƙwarewa wajen haɗiya, ki kai shi asibiti ranar.