Hayar motar kaya zuwa bikin Burning Man: amsar wasiƙu uku

Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne, muna aiki a Oakland ta jihar Kalifoniya a Amurka, kuma mun samu tikitin Burning Man na bana, bikin fasaha da kiɗa da ake yi na kusan mako guda a hamadar jihar Nebada. Hayar motar nan mai gado da banɗaki da ake kira RV ta fi ƙarfin aljihunmu. Wani ya ce mu ɗauki motar kwasar kayan gida mai rufaffen baya, irin ta kamfanin haya na U-Haul. Shawarar ta yi? Wace girma za mu ɗauka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar ta yi, in dai kun san abin da kuke haya. Akwatin ƙarfe ne a kan tayoyi, ba taga, ba fanka, ba wuta. Amfaninsa na farko shi ne ya kai muku ruwa, kekuna, rumfa da abinci, ya kuma tare muku iska idan kun isa. Kwana a ciki abu ne na biyu.

Batun girma ba shi da wuya. U-Haul na da mai tsawon ƙafa 10, 15, 20 da 26. Mutum huɗu da kayan mako guda, mai ƙafa 15 ta ishe ku, ko 20 idan biyu za su kwana a ciki. Lasisin tuƙinku na yau da kullum ya wadatar. Mai ƙafa 26 kuwa ban ba ku shawara ba in babu wanda ya saba da babbar mota, domin daga Oakland sai kun hau duwatsun Siyera Nebada ta hanyar I-80, inda tudun Donner ya haura ƙafa 7,000, sannan ku bi hanya mai lamba 447 zuwa Gerlach, ƙaramin garin da ke kusa da filin bikin, siririya ce mai hannu biyu kawai, gefenta yashi ne mai laushi da ke jan mota mai nauyi.

Inda nake so ku tsaya ku natsu shi ne takardar yarjejeniya. Farashin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin motar na yini ɗaya ne, ban da kuɗin kowane mil da kuka yi. Tafiyarku zuwa da dawowa ta haura mil 650, motocin nan kuma suna shan galan ɗaya a kusan mil 10. Ku zauna da biro ku haɗa kuɗin kwanaki goma, kuɗin mil, da na mai, sannan ku kwatanta da wasu kamfanonin haya kamar Penske ko Budget. Sau da yawa wanda ya fi tsada a ido shi ke fitowa da sauƙi a lissafi.

Sai maganar da mutane ba sa son ji: ku faɗa wa masu motar inda za ku. Na san akwai masu ɓoyewa don gudun a hana su ko a ƙara musu kuɗi. Amma ƙurar wurin nan ba ta ɓoyuwa, ma'aikatan da ke Kalifoniya da Nebada sun san launinta sarai a ƙarshen Agusta, lokacin bikin. Yawancin yarjejeniyoyin haya sun hana sauka daga kwalta, birnin Black Rock kuwa, sansanin wucin gadi da ake bikin a ciki, a kan busasshen tafki ake kafa shi. In wani abu ya lalace kuma ba ku faɗa ba, inshorar da kuka saya tana iya tashi a banza. Ku tambaya, a rubuta muku amsar, a rubuta kuɗin wanki tun kafin ku karɓi makulli. Kada kuma ku dogara da inshorar katin banki, galibi ba ta shafi manyan motocin kaya. Ku kama motar da wuri, watanni kafin lokaci, domin mutum wajen 70,000 ne ke nufar wuri ɗaya a mako ɗaya. Kuma motar tana da nata takardar shiga daban da tikitinku.

Yaya, ni da maigidana ne za mu je. Shi ya ce mu shimfiɗa katifa a bayan motar kawai mu ja ƙofa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me ka gani?

Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Ƙofar bayan motocin nan, wadda ake turawa sama kamar ta shago, sakatarta a waje take. In ta faɗa, ko wani mai wucewa ya ga ƙofa a sake ya rufe da kyakkyawar niyya, wanda ke ciki ba shi da hanyar buɗewa. Da rana zafin wurin yana kai digiri 38 ko fiye, cikin akwatin ya fi haka nesa ba kusa ba, ga kiɗa ta ko'ina, ba mai jin bugun ƙofa. Don Allah kafin kowa ya kwanta, ku sa kwado ku kulle sakatar a buɗe yadda ba za ta iya kamawa ba, makullin yana wuyanki. Ku kuma sa guntun katako a ƙasa don ƙofar kada ta sauka gaba ɗaya.

Na biyu, babu risho, babu gas, babu gawayi a ciki, janareta kuma a ajiye shi nesa, bututun hayaƙinsa na kallon wani gefen. Hayaƙin da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki ba shi da wari. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara idan ya taru, ba ta da tsada, ku saya ku rataye kusa da katifa. A kan hanya kuma ba wanda zai zauna a baya.

In an kiyaye waɗannan, wurin kwana ne mai kyau, ya fi tanti nesa idan guguwa ta taso. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a bar ƙofar a sama, a yi bango na wucin gadi a bakin akwatin da tamfol mai kauri ko falanki, a bar 'yar ƙofa da labule biyu. Takalma su tsaya a waje. Rufin kuma a yi masa inuwa: a ja yadin rumfa ko tamfol mai sheƙi a samansa, a bar tazara tsakaninsu don iska ta ratsa. In tamfol ya kwanta a jikin ƙarfen, aikin banza ne. Kada ku huda jikin mota ko ku manna salatif mai ƙarfi, zai ɗago fenti. Akwai sanduna a bangon ciki da aka yi don ɗaure kaya, su za ku yi amfani da su.

Don sanyaya ciki, mutanen can suna haɗa bokiti da ƙaramar fanka da soso mai jiƙa da ruwa. Hikimar randa ce sak: iska busasshiya ta bi ta kan danshi, ta fito da sanyi. Yana aiki sosai a can saboda babu laima a iskar. Amma ki tafi da bargo. Wurin yana kan tudu kusan ƙafa 4,000, da asuba sanyi na shiga ƙashi.

Malam, ruwa nawa za mu ɗauka, kuma gaskiya ne ƙurar tana ɓata mota?

Masu shirya bikin sun ce galan ɗaya da rabi ga kowane mutum a kullum, wato kusan lita 6. Ba a sayar da ruwa ko abinci a ciki, ƙanƙara kaɗai. Ni ina cewa mai salla ya ƙara a kai saboda alwala da tsarki. Mutum huɗu, kwana takwas, kun doshi lita 200, kilo 200 ke nan. Ku jera jarkokin a ƙasa, can gaba kusa da kan mota, ku ɗaure su tam. Ku tanadi wofin jarkoki kuma, domin ruwan wanka da na wanke-wanke ba a zubar da shi a ƙasa, da shi ake komawa, haka ma shara. Filin na gwamnatin tarayya ne, ana bin sa ana dubawa bayan an watse. Ku ƙara abincin kwana biyu: a 2023 ruwan sama ya mayar da filin taɓo, aka rufe hanya, dubban mutane suka maƙale.

Ƙurar kuwa, kada ka auna ta da ta hunturu. Laushinta kamar garin fulawa, kuma tana da kanwa-kanwa, tana cin ƙarfe, tana sa faso a ƙafa cikin kwana biyu. Na taɓa mayar da mota bayan na wanke ta fes, ma'aikacin ya kunna fankar gaba, farar ƙura ta bulbulo daga ramukan iska ta sauka a kan kujera, nan take aka rubuta mini kuɗin wanki. Tun daga nan, da na sauka daga kwalta nake kashe fanka, in na faka in toshe ramukan da salatif na masu fenti mai launin shuɗi, in lulluɓe kujeru da tsofaffin zannuwa, in rufe gaban motar ba na sake buɗewa sai ranar tafiya. A baya kuma tamfol a ƙasa tun kafin a loda komai.

Ruwa zalla ba ya fitar da ita, sai dai ya mayar da ita kunu. A zuba ruwan khal kaɗan a bokiti a goge da shi, tsamin ne ke karya kanwar. Ƙafa ma haka, ko lemun tsami, sannan a bi da man kaɗanya a sa safa.

Ku cika tanki a garin Fernley kafin ku kama 447, domin layin fita ranar watsewa yana iya cin awa shida ko fiye. Ku ware yini guda cikakke na wanki a cikin kwanakin hayar, ku kuma ɗauki hoton motar ciki da waje, har da rufi da agogon mil, ranar karɓa da ranar mayarwa.