Motar yayana ta karce, an ce in murza mata man birki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ari motar yayana, garin yin ribas na gogi ginshiƙin ƙofa. Motar baƙa ce, yanzu ga farin zane a ƙofar baya da gefen bamba. Bai gani ba tukuna, hankalina a tashe yake. Wani mai wankin mota ya ce in ɗiga man birki a tsumma in murza, nan take zai ɓace. In yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka yi, ƙanena. Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa ɓarnar ba ta kai yadda idonka ke nuna maka ba.

Fara da wanke wurin da sabulun mota da ruwa mai yawa, don ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a tsumma za ta ƙara maka wani zanen. Sai ka lura da shi yana jiƙe. In zanen ya ɓace da ruwa ya dawo bayan ya bushe, a fatar sama mai sheƙi ya tsaya, wadda masu fenti ke kira kiliya. Sannan ka ja farcenka a kai a hankali. In bai maƙale ba, gogewa za ta fitar da shi. Sau da yawa ma farin da ake gani a baƙar mota fentin ginshiƙin ne ya manne a saman nata.

Yanzu ga maganar man birki, wadda kusan kullum sai an kawo mana motar da aka cuta da ita. Man birki na DOT 3 da DOT 4, wanda yawancin motoci ke sha, da sinadarin gilaikol ake haɗa shi, kuma narkar da fenti yake yi. Shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin robarsa cewa kada ya taɓa fenti. Amma wa ke karantawa? Abin da ke ruɗar mutane shi ne da an shafa, man yana cike ramin zanen ya kuma narkar da fentin da ya manne, sai wurin ya yi ƙyalli. Mai wanki ya karɓi na goro, kowa ya watse yana murna. Bayan haka wurin ya dushe, ya yi laushi, wani lokaci ya kumbura ya fara ɓarewa. Zanen da bai wuce tsawon yatsa ba ya koma tabo kamar tafin hannu, kuma babu gogewar da za ta dawo da shi sai an sake feshin ƙofar gaba ɗaya.

Za ka ji wani ya ce ai shi ya yi, bai ga komai ba. Ya yi saurin wankewa ne, ko kuwa ɓarnar ba ta fito fili ba. Kaurin kiliyar mota daga kamfani bai cika wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu, kuma kiliyar ce ke kare launin daga zafin rana. Wannan ɗan abin za ka zuba wa mai narkar da fenti? Haka tina (ruwan sirka fenti) da fetur, su ma a bar su. Man goge baki shi bai da wannan haɗarin, sai dai wahalar banza ce in zanen ya wuce ɗan dusu-dusu. In kuma tsautsayi ya sa man birkin ya riga ya zuba, kada a murza, a kwarara ruwa da yawa nan take, don yana bin ruwa.

Abin da za ka nema shi ne man gogar fenti mai ɗan kaushi, da folish mai laushi, da tsumman maikurofaiba mai tsabta. Ka yi aikin a inuwa, jikin motar da sanyi. Ɗiga kaɗan, ka goga ƙaramin wuri ba tare da dannawa da ƙarfi ba, ka share ka duba. Fentin ginshiƙin zai fara bin tsumman. Ka bi da folish, ka rufe da kakin mota. Ka yi hattara a bakin ƙofa da kan layukan bodi, fenti ya fi siranta a nan. Samfefa mai lamba 2000 ko 3000 da ruwa tana aiki, amma ka bar wa mai hannu, sabon shiga kan huda kiliya da ita.

In farcenka ya maƙale, ko ka hango toka-tokar fentin shimfiɗa, ko ƙarfe, gogewa ba ta da amfani. Bamba roba ce, za ta iya jira. Ƙofa kuwa ƙarfe ce, tsatsa za ta kama ta. Ka duba lambar launin motar, galibi tana kan takardar da ke manne a jikin madogarar ƙofar direba, a haɗa maka fenti daidai da ita. Kuma ka gaya wa yayanka yau, kafin ka taɓa komai, domin in an taɓa sake wa ƙofar fenti shi ne zai sani, kuma irin wannan fentin ba lallai ya jure gogewa kamar na kamfani ba.